Kunnuwa Ashirin da Uku a Tabarmar Baffa

Jama'a, kafin ku cika mini ƙasan rubutun nan da wa'azi, bari in faɗa da bakina: e, ni ce yarinyar nan ta unguwar Yelwa da aka ce ta titsiye baffanta a gaban manya tana masa tambaya kamar jandarma. Labarin ya riga ni zagaye Garwa, har an ƙara masa gishiri, wai na jefe shi da takalmi. Ban jefe shi ba. Takalmin sabo ne, ranar na fara sa shi.

Sunana Nasiha, shekarata ashirin da huɗu, ni kaɗai Allah ya ba iyayena. Babana Malam Hassan mahauci ne, yana kuma taɓa dillancin shanu. Da yake bai samu ɗa namiji ba, ni ya riƙa ɗorawa a bayan moto, babur ke nan, zuwa tike, wato kasuwar shanu, tun ban iya ɗaura zani ba. 'Yan mata sa'o'ina suna wasan 'yar tsana, ni ina can na danne kan maraƙi Baba yana yi masa shaida a kunne. Shi ya sa in an ce bakina ba linzami ba na musu, a tsakiyar dillalai na koyi magana.

Shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarsa. Gidan da muke ciki tun yana raye ya mallaka wa mahaifiyata, Dada, saboda haka abin da ya bari na rabo shi ne shanu arba'in cif, a hannun wani makiyayi mai suna Malum can dajin Poli. Kwana huɗu kafin ya cika, a gaban limamin unguwarmu, ya ce ƙaninsa Hamidu ya riƙe garken, kada a raba sai na gama karatu. Ranar sadakar bakwai liman ya faɗa wa kowa rabonsa: ni ashirin, Dada biyar, Baffa Hamidu goma, ƙanwarsu Goggo Kaltumi biyar. Karatu na gama tun bara. Takardar tana ƙasan akwati, shanun kuwa ko kukansu ban ji ba.

Baffa Hamidu kayan moto yake sayarwa a babbar kasuwa. Mutum ne mai son shadda da turare, in ya bi ta layin mahauta sai ya toshe hanci da hankici, yana tafiya a kan yatsu kada ruwan nama ya taɓa masa ƙafar wando. Tsakaninsa da saniya sai in an kawo ta a faranti. Amma tun da aka damƙa masa garken Baba, kasuwar kayan moto ta yi wata irin albarka: ya ɗora bene, ya je Umara sau biyu, ya sayi mota mai baƙin gilas. Mu kuma shekara biyu, shanu arba'in galibinsu mata, ba a taɓa ce mana an haifi ɗan maraƙi ko ɗaya ba. Na ce wa Dada ashe shanun Baba tsarin iyali suka shiga. Ta ɗauki mafici ta maka mini a baya.

To da ni kaɗai ce da shanu, da tuni na ta da ƙura. Matsalar ita ce Zaharaddin.

Zahar a hannun Baba ya koyi fawa, yanzu yana da teburinsa na kansa. Dogo ne, ga kunya kamar sabuwar amarya, in zai zo zance sai ya yi wanka sau biyu ya zazzage rabin kwalbar turare, amma duk da haka ina jin ɗan ƙanshin kitse a ƙasan turaren, kuma wallahi ƙanshin nan nake so, don shi ne ƙanshin babana. Ina son Zahar, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. An kawo lefe, an fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen fitila, saura sati biyar ɗaurin aure. Kuma wa zai ba da auren? Baffa Hamidu, shi ne waliyyina. Mutumin da ke riƙe da shanuna shi ne ke riƙe da aurena.

Ranar wata Juma'a ya biyo ta gidanmu daga masallaci. Dada ta shimfiɗa masa darduma a inuwar dalbejiya, ta kawo ruwan folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara, ta zauna can nesa tana murza bakin mayafi. Sai da ta yi gaisuwa kusan kala bakwai kafin ta iso inda za ta.

"Dama, Alhaji, cewa na yi ko za a sayar da shanu biyu ko uku. Kayan ɗakin yarinyar nan, har yanzu ko gado ba mu saya ba."

Baffa ya ajiye kofi a hankali. Ya yi wani dogon numfashi irin na wanda aka tuna wa mutuwa.

"Ai ni ban so in ɗaga muku hankali ba ne. Ciwon huhu ya shiga dajin Poli. Shanun nan mutuwa suke ta yi."

"Guda nawa suka mutu, Baffa?" Ni ce daga bayan labule.

"Wa ya sa bakinki?"

"Ba kowa, Baffa. Bakin ne ya sa kansa."

Dada ta watso mini wani kallo ta gefen ido wanda ya isa ya dafa ƙwai. Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya zaro ambulan ya ajiye a kan darduma. Ya ce sefa dubu hamsin ce, gudummawarsa, a yi maneji, kowa ya san yanayin gari. Dada ta durƙusa tana ta godiya. Ni kuwa haushi ya kama ni. A ba ni sadaka daga cikin dukiyar ubana, kuma uwata ta durƙusa! Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Honorine. Tare muka yi lise, wato sakandare, yanzu sakatariya ce a ofishin wani notar, irin masu buga hatimi a takardun gado da na filaye.

Ni: Ƙawata, in mutum ya riƙe gado, ina da ikon in ce ya nuna mini lissafi? Ko rashin kunya ne?

Honorine: Ma chérie, haƙƙinki ne. Ki tambaye shi nawa ya karɓa, nawa suka ƙaru, nawa suka fita, ta wace hanya. Dole ya amsa, da hujja. In ya ƙi, akwai kotu.

Ni: Baffana ne fa.

Honorine: Ko kakanki ne. Ajiya aka ba shi, ba kyauta ba.

Ni: Shi zai ɗaura mini aure.

Sai ta turo mini hoton nan na mutum ya dafe kai da hannu biyu.

Shi kuwa Zahar, da na gaya masa, sai saƙonni suka fara sauka kamar ruwan Agusta.

Zahar: Ranki ya daɗe, don Allah ki bari.

Zahar: Sati biyar ne kawai.

Zahar: Gado ni zan saya. Har firiji.

Zahar: Ni ba shanunki nake so ba, ke nake so.

Na rubuta masa cewa ni ma ba gadon kwana nake nema ba, gadon ubana nake nema, kuma in an ɗaura auren cewa za a yi matar aure ba ta ja da manya, in na haihu a ce uwar 'ya'ya ta girmi rigima, haka za a yi ta yi har in mutu ban san inda saniya ɗaya ta shiga ba. Ya turo hoton zuciya guda uku. Na ce masa zuciya ba ta ba da nono.

Dada ma ba ta bar ni ba. Muna tsinke zogale a tsakar gida ta fara, ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, dukiya ba ta fi zumunci ba. Mu mata biyu ne a gidan nan. In ya juya mana baya, wa gare mu?"

"Dada, yanzu da ya fuskanto mu, me muka samu?"

"Rufin asiri."

"Asirin wa aka rufa?"

Ta ci gaba da tsinkar ganye har da itacen. Na ji tausayinta sosai. Dada ba tsoron talauci take ba, tsoron bakin dangi take, a ce ta zuga 'yarta a kan ƙanin mijinta. Amma duk da haka washegari na zauna na tsara wa Baffa saƙo, na wanke shi tas da ladabi, na sa "Allah ya ƙara girma" a farko da tsakiya da ƙarshe. Na ce ina roƙon a zauna, da liman da Goggo Kaltumi, a nuna mana abin da ya rage da abin da ya salwanta. Kwana biyu yana karantawa bai amsa ba. A na uku ya turo kalma uku: "Lahadi da hantsi."

Ranar Lahadi na ci ado kamar mai zuwa suna. Atamfa koriya ɗinkin riga da siket, mayafi ruwan madara, ga takalmin nan da ake ta yi masa ƙazafi. Dada ta ce ina za ni da jambaki, na ce in za a kore ni gara a kore ni da kyauna.

Falon Baffa na sabon bene ne. Tayil har bango, kujerun fata ba a ko cire musu leda ba, na'urar sanyi tana ta huci ga garin kamar tanda a waje. Na zauna a ƙasa ina kallon kayan ɗakin, zuciyata tana raɗa musu suna. Waccan kujerar mai cin mutum uku na ce bijimin nan ne mai karyayyen ƙaho. Talabijin ɗin kuwa ya yi karsana biyu. Liman yana kan kujera da carbi, Goggo Kaltumi ta zo da jikarta a goye, Dada ta lafe a kusurwa.

"Ina Malum?" na tambaya, bayan an yi addu'a.

"Yana daji, babu rezo, waya ba ta shiga," in ji Baffa. "Amma ya aiko da abin da ya fi bakinsa."

Ya shiga ciki ya fito da wani buhu, ya riƙe shi da yatsu biyu nesa da rigarsa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a kan tayil, ya juye buhun. Busassun kunnuwan shanu suka zubo, suna ƙara kamar ganyen kuka.

Ga waɗanda ba su tashi cikin shanu ba, bari in yi muku bayani. Kowane mai garke yana da shaidarsa da yake yankawa a kunnen maraƙi tun yana ƙarami. In ka ba makiyayi kiwo, saniya ta mutu a daji, ba zai zo maka da baki kawai ba. Zai yanko kunnen nan mai shaida, ya shanya, ya ajiye, ranar da kuka haɗu ya miƙa maka. Kunne ɗaya, saniya ɗaya. Shi ne rasit ɗin daji, kuma ba a musu da shi. Shaidar Baba tsaga biyu ce a ƙasan kunnen dama, da ɗan yanke tsini.

"Ga lissafin da kike nema," in ji Baffa. "Ƙirga. Ashirin da uku. Saura sha bakwai a raye, su ma sai addu'a."

Goggo Kaltumi ta saki salati ta fashe da kuka, tana cewa wayyo wahalar Yaya Hassan ta tafi a banza. Liman ya girgiza kai yana innalillahi. Dada ta miƙo hannu ta mintsine ni a cinya, ma'ana kin gani ko, tashi ki ba da haƙuri.

Kuma wallahi saura kaɗan in ba da. Da na ga tsaga biyun nan a zube a tabarma, sai na ga hannun Baba, da 'yar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, da yadda yake tofa bismillah kafin ya yanka, yana ce mini riƙe da kyau, sarkin fawa. Idona ya cika. Kunya ta kama ni, na ce a raina Nasiha kin zargi bawan Allah a banza. Na miƙa hannu na ɗauki kunne ɗaya, ba don bincike ba, don kawai in taɓa abin da Baba ya taɓa. Na shafa babban yatsana a bakin tsagar.

Ta kusa yanka ni.

Hawayen ya koma inda ya fito. Tsagar da aka yi wa maraƙi yana raye warkewa take yi. Bakinta ya yi kauri, ya yi sumul, gashi ya rufe shi, kuma tana buɗewa yadda kunnen ke girma. Wannan kuwa bakinta kaifi ne da shi, guringuntsi fari fat a waje, ko gashi ɗaya bai kwanta a kai ba. An yanka ta ne bayan kunnen ya rabu da mai shi. Na ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Na fara jera su a tabarma ɗaya bayan ɗaya kamar mai kasa tumatir.

"Me kike yi?" in ji Baffa.

"Ƙirgawa, Baffa. Kai ka ce in ƙirga."

A na goma sha huɗu na tsaya. Fari ne mai baƙin ɗigo uku a tsakiya, kuma na tabbata na ga irinsa. Na koma baya na ɗauko na shida, fari mai baƙin ɗigo. Na haɗa su gefe da gefe, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Na dama da na hagu ne, na dabba ɗaya. Da na duba sauran da kyau, tara daga cikinsu duk na hagu ne, wurin da Baba bai taɓa sa wuƙa ba. Wanda ya yi aikin nan a ganinsa kunne kunne ne.

Na ɗaga guda biyun sama.

"Baffa, Allah ya ƙara girma, tambaya gare ni. Wannan saniyar sau biyu ta mutu?"

Liman ya yi wani tari da ya fi kama da dariyar da aka danne, ya rufe baki da hannun riga. Goggo ta tsaya da kuka cak, ta rarrafo ta karɓi kunnuwan. Ita ma 'yar mahauci ce, ta juya su sau ɗaya kawai.

"Hamidu," ta ce, "har da biyar ɗina?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza kala uku a lokaci guda ba sai ranar. Baffa ya miƙe, hularsa ta goce. Ya ce Malum ne ya cuce shi. Na ce to a kira Malum. Ya ce ai ya ce babu rezo. Na ce mota akwai, mai baƙin gilas ma, Poli ba Makka ba ce, in an fita da asuba a can za a yi azahar. Ya ce ni ba ni da tarbiyya, boko ya lalata ni, ya riƙe mu shekara biyu da aljihunsa ga sakayyar da zai samu. Liman ya sa baki a hankali.

"Alhaji, tambayar yarinyar tana kan hanya. Wanda aka ba amana, in mai ita ya nemi bayani, sai a yi masa. A sa rana a je a ga garken."

"Babu inda za ni! Ita kuma," ya nuno ni da yatsa, "tunda ta girma har tana tuhumata, ta nemi wanda zai ba da aurenta. Ni na cire hannuna. Gobe zan aika wa mutanen yaron nan su zo su kwashe akwatunansu. Sai ranar da ta zo nan ta durƙusa ta ce ƙarya ta yi."

Na sunkuya na zuba kunnuwa biyun nan a jakata. Ya ce in ajiye. Na ce ai rabona ne, Baffa, daga cikin ashirin ɗina.

A bakin titi muka tsayar da moto biyu. Har muka isa gida Dada ba ta ce mini uffan ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a gefen akwatunan lefe, ta ɗora hannu a kan na sama, ta yi ta kallon bango. Gara ta zage ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. A falon Baffa jarumta ce ke ɗibata, a nan kuwa na gane abin da na yi: na sayar da aurena a kan kunne biyu busassu.

Bayan la'asar aka ce ana sallama. Zahar ne a zaure, kuma ko kaya bai canza ba, rigar aiki ce a jikinsa da ɗigon jini a hannu, babu turare ko kaɗan. Ban taɓa ganinsa haka a ƙofar gidanmu ba. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama.

"Labari ya iso kasuwa," ya ce.

"Da takalmi ko babu?"

Bai yi dariya ba. Na zaro kunnuwan daga jaka na miƙa masa, ina cewa duba ka ga aikin jahilci, ko yaron da ya kwana biyu a mayanka ba zai yi wannan ba. Ya ƙi karɓa. Ya kalle su, ya kalli ƙasa.

"Na san su," ya ce. "Ni na tara masa."

Na sauke hannun da ke riƙe da kunnuwan. Na jingina da bango.

"Sake faɗa."

"Wata huɗu da suka wuce, satin da iyayena suka je gaisuwa wurinsa. Ya ce in tara masa kunnuwan shanu daga mayanka, wai wani malaminsa ne zai haɗa masa maganin kasuwa, kada kowa ya ji. Nasiha, surukina ne zai zama, ya roƙe ni abu na farko, abin da ake zubarwa karnuka. In ce a'a? Na bi masu sayar da kai da ƙafa ina tsinta, na dama da na hagu, duk wanda na samu. Babu tsaga a jikinsu lokacin da na kai masa, wallahi babu."

"Yaushe ka gane?"

Ya kawar da kai gefe.

"Zahar, yaushe ka gane?"

"Ranar da kika ce ya ce shanu na mutuwa."

"Shi ne ka yi ta turo mini zuciya. Shi ne har da firiji."

"Tsoro na ji. In na faɗa, ya hana ni ke. In na yi shiru, na ci amanar Baba, mutumin da ya koya mini riƙe wuƙa. Tun ranar ba na barci, na ce in an ɗaura sai in gaya miki."

Na so in rufe shi da duka, na so kuma in zauna in yi kuka a kan rigar nan tasa mai jini. Haushinsa nake ji har cikin haƙorina, kuma ina sonsa, duka biyun a lokaci ɗaya, ban san ana yin haka ba sai ranar. Na daure na tambaye shi abu ɗaya da ya rage.

"Guda nawa ka kai masa?"

"Arba'in. Shi ya faɗi adadin."

Arba'in. A tabarma ashirin da uku na ƙirga. Wato akwai sha bakwai a wani lungu na benen nan, an shanya su an ajiye, suna jiran shanun da suka rage su mutu a bakin Baffa. Tun wata huɗu da suka wuce ya gama yi wa garken Baba jana'iza gaba ɗaya, kashi-kashi kawai yake sanar da mu.

"Za ka maimaita wannan a gaban liman?"

Zahar ya zaro waya daga aljihu. Ya daɗe yana latsawa, sai tawa ta yi ƙara a cikin jaka.

"Da muryarsa ya aiko mini saƙon kunnuwan, ban goge ba. Ga shi nan na turo miki." Ya mayar da wayar aljihu. "In kin fitar da shi, ya gama da ni a wurin danginku, za a ce da ni aka haɗa baki. Auren kuma sai abin da Allah ya yi. Amma naki ne, ki yi yadda kika ga dama. Ni dai na gaji da kallon ƙasa in na wuce ƙofar gidan nan."

Na kunna. Muryar Baffa ce tar, har da ɗan tarin nan nasa: Zaharaddin ɗan albarka, kunnuwan shanu nake so guda arba'in, ka bi a hankali, kada ka gaya wa mutanen gidan.

Muna da zauren dangi a waya, mutum sittin da huɗu, daga Garwa har Marwa har masu kamun kifi a Tibati, inda ba a tura komai sai sanarwar suna da barka da Juma'a. Na buɗe shi. Na dubi Zahar, na ba shi dama ya ce kada in yi. Ya runtse ido ya gyaɗa kai.

Na tura muryar. Na ɗauki hoton kunnuwan biyu a tafin hannuna na tura. A ƙasa na rubuta: "Baffa, Allah ya ƙara girma. Ina neman lissafin shanun babana, a rubuce, kuma a kai ni in gan su da idona."

Mutum tara suka saurara kafin in sauke hannu. Sha biyar. Talatin da ɗaya. Babu wanda ya ce ƙala. Sai ga shi a saman allo: Baffa Hamidu yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa. Na zauna a tabarmar da Zahar ya ƙi zama.

Saƙo ya shigo, amma ba nasa ba ne. Murya ce ta daƙiƙa biyar, daga Dada, wadda ke cikin ɗaki taku goma daga inda nake, wadda tun da aka sa ta a zauren nan ko amin ba ta taɓa turawa ba. Na danna. Muryarta a dashe take, ta sha kuka, amma ba ta karkarwa. Kuma sunansa ta kira tsirara, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba tun da aka haife ni.

"Hamidu, Mairamu ce. Ni ma a lissafa mini biyar ɗina."